Yadda ake tsara wayoyin sauti da na talabijin a sabon gida tun kafin filasta

Masu gini a Kano sun yi ta aiko mini da tambaya iri ɗaya ta fuskoki daban-daban. Wani yana so karatun Alƙur'ani ya riƙa tashi a kicin da tsakar gida lokaci guda. Wani ya gaji da ganin baƙar waya tana lilo daga rufi zuwa taga. Wani kuma so yake dish ɗaya ya wadatar da falo uku. Duk amsarsu tana komawa ga aikin da ake yi a ɗan tsakanin da gini ya kai linta zuwa ranar da birkila zai watsa filasta. Talabijin da amfilifaya za su jira ka a kasuwa ko bayan shekara biyar, fayif ɗin cikin bango kuwa in ya wuce ka, sai dai a dawo da guduma da kurfi a fasa fentin da aka biya kuɗi aka yi. Ga matakan a jere yadda aikin yake tafiya.

1. Zauna da zanen gida da mutanen gida

Ka buga kwafin zanen gidan guda biyu, ka sami biro kala uku: ɗaya na talabijin, ɗaya na sifika, ɗaya na intanet da kyamara. Kada ka yi wannan zama kai kaɗai. Uwargida ta fi ka sanin bangon da gado zai jingina, da inda sif zai tsaya, da ko tana son rediyo a kicin. Sau da yawa ana sa soket ɗin talabijin a bangon da daga baya kujeru ko durowar kwanuka za su rufe, don kawai ba a tambayi mai ɗakin ba.

A kowane ɗaki ka amsa tambaya uku. Za a yi kallo a nan? Za a yi saurare ba tare da kallo ba? Wa ke da ikon kunnawa da kashewa?

Tambaya ta uku ita ce ta fi nauyi a gidajenmu. Falon maigida da baƙi maza ke shiga daban yake da falon cikin gida. Idan gidan na mata biyu ne ko fiye, kowane sashe ya zama mai cin gashin kansa: tasharsa daban, ƙarar sautinsa a hannun mai sashen. Kada a wayi gari maigida ya kunna wa baƙinsa labaran Freedom Radio, sautin ya tashi a ɗakin da jariri ke barci, ko yara su canja tasha a falonsu ta canja a gaban surukai. Kowane rukunin ɗakuna da zai riƙa jin abu ɗaya tare, ka zagaye shi da biro ka ba shi suna: shiyya ta ɗaya falon baƙi, ta biyu falon iyali da wurin cin abinci, ta uku kicin da baranda, ta huɗu tsakar gida. Yawan shiyyoyin nan shi zai faɗa maka girman amfilifaya daga baya.

Gargaɗi: a zanen da ake kwafowa daga waje akan sa sifika a banɗaki. Ni ban ba da shawarar haka ba a gidan da za a riƙa kunna karatu da tafsiri. Idan lallai ana so, a ware shi a shiyyarsa, da makunninsa a waje.

Ka kuma lura da tsayin talabijin. Ƙa'idar ita ce tsakiyar allon ya daidaita da idon mai zaune, wato kimanin santimita 105 zuwa 120 daga ƙasa ga mai zama a kujera. Falon da za a shimfiɗa kafet da tum-tum ko kujerun ƙasa irin na Larabawa, sai a sauko da shi ƙasa da haka. Masu aiki sun saba kai akwatin soket sama sosai, mutane su yi ta kallo wuya a ɗage.

2. Ware wa na'urori mazauni ɗaya

Duk wata waya ta gidan, ta sauti ce ko ta hoto ko ta intanet, za ta taso ne daga wuri ɗaya ta tafi kai-tsaye inda za ta yi aiki, kamar yadda ruwa ke saukowa daga tanki ɗaya zuwa kowane famfo. Ba a ɗaukar waya daga falo a tsallaka da ita ɗaki, daga ɗakin a sake tsallakawa wani. Ranar da ta tsinke a tsakiya, duk na gaba sun mutu.

Wurin ba ya buƙatar girma. Ƙarƙashin matakalar bene, ko ƙaramin sito mai faɗin mita ɗaya da rabi ya isa. Abin da ake nema a gare shi: ya kasance kusa da tsakiyar gida don wayoyi su gajarta, yana da ƙofa mai kulle saboda yara, kuma mai gyara zai iya isa wurin ba tare da ya ratsa ɗakunan mata ba. Wannan na ƙarshen a yi tunaninsa da kyau, domin mai gyara zai zo ba sau ɗaya ba.

A ciki za a kafa akwatin ƙarfe na na'urori mai faɗin inci 19. Ana auna tsayinsa da U, kowane U ɗaya santimita 4.4 ne da ɗoriya. Gida matsakaici 12U na bango ya ishe shi, idan kuwa amfilifaya da na'urar kyamara da batir duk a ciki za su zauna, a ɗauki na tsaye wanda ya fi haka.

Gargaɗi: zafi da ƙura su ne ke kashe kayan nan a Kano. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, sito rufaffe mai amfilifaya a ciki kuwa ya fi waje zafi nesa ba kusa ba. A bar ƙofar shan iska a ƙasa, a sa ƙaramar fanka mai fitar da iska a sama. Ƙofar shan iskar a sa mata raga da soso mai tace ƙura wanda za a iya cirewa a wanke, saboda hazon hunturu. Kada mazaunin ya haɗa bango da banɗaki ko ya kasance ƙarƙashin fayif ɗin ruwa, kuma kada a haɗa shi da batiran inbata masu ruwa a ɗaki ɗaya rufaffe.

3. Zaɓi hanyar da hoto zai bi

A nan ne mutane suka fi rikicewa. Hanyoyin uku ne, kuma ba dole ka tsaya kan ɗaya ba.

Ta farko: kowane ɗaki da dikodarsa, dish ɗin ne kawai na tarayya. Ita ce ta fi dacewa da yawancin gidajenmu, musamman masu kallon tashoshin kyauta na tauraron ɗan'adam Nilesat da ke digiri 7 yamma da na Arabsat da ke digiri 26 gabas. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayo ɗan ƙarfen raba waya mai baki biyu ko huɗu a raba wayar dish da shi. Ba ya yi. Dikoda tana aika wa kan dish, wato LNB, umarni ta cikin wayar: bolt 13 ko bolt 18 don zaɓar rukunin tashoshi, da wani sauti na kilohaz 22 don zaɓar na sama ko na ƙasa. Dikoda biyu a waya ɗaya kowacce tana ba da nata umarnin, sai ka ga an canja tasha a falo, hoto ya ɗauke a ɗaki. Maganin shi ne LNB mai baki biyu ko huɗu idan dikodojin ba su wuce huɗu ba, kowacce da wayarta. In sun wuce haka, sai a sa LNB irin Quattro, wanda wayoyinsa huɗu za su sauko cikin na'urar rarrabawa da masu dish ke kira maltisuwic, daga ita kowane ɗaki ya sami tasa wayar. Saboda haka daga rufi zuwa mazaunin na'urori ka ja waya huɗu ga kowane dish, da ƙarin ɗaya ta eriya. Mai son taurari biyu, waya tara ke nan.

Eriyar GOtv da ta StarTimes ba su da wannan rigimar, ana iya raba wayarsu, sai dai kowane rabi yana rage ƙarfi, in ɗakunan da yawa a sa na'urar ƙara ƙarfi kafin a raba. DStv kuma suna da tsarin XtraView da ke haɗa dikoda har uku a biyan kuɗi ɗaya tare da ɗan ƙari duk wata. Yadda ake haɗa su ya danganta da samfurin dikodar, don haka ka ja waya biyu zuwa kowane babban falo, mai haɗawa ya tarar da abin aiki.

Ta biyu: dikodoji su zauna a mazaunin na'urori, a riƙa tura hotonsu ɗakuna. Wayar HDMI ta tagulla ba ta son nisa. In ta wuce mita 10 zuwa 15 sai hoto ya fara ƙyaftawa, na 4K ma tun kafin nan. Don haka ana amfani da wasu ƙananan na'urori biyu, ɗaya a kowane ƙarshe, masu ɗora hoton a kan wayar intanet da ake kira Cat6. Masu tambarin HDBaseT suna kai hoto mita 70 zuwa 100 gwargwadon samfuri, suna kuma mayar da umarnin rimot baya. Idan aka sa musu marabar HDMI mai sauƙi, duk ɗakuna abu ɗaya za su gani. Idan ana son kowane ɗaki ya zaɓi dikodar da yake so, sai an sayi matiriks, mai shiga huɗu fita huɗu ko takwas-takwas, kuma tana cikin kaya mafi tsada a duk wannan aiki. Ra'ayina shi ne gida na iyali bai cika buƙatarta ba. Ta fi amfani ga otal, gidan kallon ƙwallo, ko babban gida mai faluka da yawa. Amma ka ja Cat6 ɗin, in ra'ayinka ya canja ka tarar da ita.

Ta uku: talabijin mai intanet, kowa ya kalli YouTube ko Netflix ɗinsa. Nan duniya ta dosa, kuma abin da take so shi ne intanet mai ƙarfi a kowane ɗaki. Netflix na neman megabit 5 a daƙiƙa don cikakken hoton HD, 15 don 4K, ga talabijin ɗaya. Kada ka dogara da rauta ɗaya a falo: bulo da kankaren dekin mai rodi suna shanye Wi-Fi, musamman na gigahaz 5. Talabijin ba ta motsi, a ba ta waya. Wayoyin hannu kuma a sa musu na'urar Wi-Fi ta silin, aƙalla ɗaya a kowane hawa da kowane sashe, kowacce da Cat6 ɗinta wadda za ta kawo mata har da wuta daga suwic, wato na'urar raba intanet, mai PoE.

Abin da zan sa a bayan kowace talabijin, ko wace hanya aka zaɓa: Cat6 biyu, wayar dish RG6 ɗaya (biyu a manyan faluka), da soket ɗin wuta mai baki biyu.

4. Zaɓi hanyar da sauti zai bi

Falon da za a yi kallo sosai shi kaɗai yake buƙatar sifiku shida na zagaye: biyu a gaba hagu da dama, kimanin digiri 30 daga tsakiyar mai zaune, ɗaya a tsakiya ƙarƙashin allo, biyu a gefe ɗan baya kaɗan wajen digiri 110, sai mai duka, wato mai fitar da sauti mai kauri. Amfilifayar wannan falo ta fi kyau ta zauna a cikinsa, ƙarƙashin talabijin, wayoyin sifikun su taru a nan.

Sauran ɗakuna sifikun silin biyu-biyu sun wadatar, masu inci 6.5 a ɗaki, masu inci 8 a babban falo. Su ne wayoyinsu za su koma mazaunin na'urori, inda amfilifaya mai shiyya da yawa za ta tura su, ko ƙananan amfilifayoyi masu intanet irin na Sonos, WiiM, Yamaha MusicCast ko Denon HEOS, ɗaya ga kowace shiyya, a riƙa sarrafa su da wayar hannu. Gidan da akwai tsofaffi ko masu aiki da ba za su buɗe manhaja ba, a sa maɓallin ƙara da rage sauti a bango kusa da makunnin fitila. In za a sa shi, wayar mai jijiya huɗu ta fara biyowa ta akwatinsa, daga nan ta rabu zuwa sifikun biyu.

Gargaɗi, kuma wannan shi ne ya fi ƙona amfilifaya: kada a yi ta jona sifiku a baki ɗaya. Yawancinsu om 8 ne, om kuwa ma'aunin turjiyarsu ga wuta ne. Biyu a haɗe ja da ja, baƙi da baƙi, sun zama om 4. Huɗu sun zama om 2. Amfilifayar gida da yawa ba ta jure ƙasa da om 4, wasu ma 6. Za ta yi zafi, ta riƙa kashe kanta, wata rana ta ƙi tashi. A duba abin da aka rubuta a bayanta kafin a ƙara ko sifika ɗaya.

Idan wurin mai faɗi ne, tsakar gida da baranda da farfajiyar motoci da doguwar hanya, kuma abin da za a fi ji magana ce da karatu, to tsarin da masallatanmu ke amfani da shi ya fi sauƙi da araha: layin bolt 100, irin na amfilifayoyin Ahuja. Kowace sifika tana da ƙaramar taransifoma a jikinta, ana jera su da yawa a waya ɗaya mai tsawo ba tare da lissafin om ba. Lissafinsa tara wat ne: sifika 10 kowacce a kan wat 6 sun zama 60, sai a nemi amfilifayar da ta haura haka da aƙalla kashi 20 cikin ɗari. Sautin ba ya raba hagu da dama, kuma ba shi da duka sosai. Ba a haɗa sifikar om 8 marar taransifoma a wannan layi, nan take za ta lalace.

Sifikun waje a juyo da fuskarsu cikin gida, a sa su da yawa a ƙaramin sauti maimakon guda ɗaya mai ƙarfi. Maƙwabci yana da haƙƙi, kuma bai zama dole ya ji abin da kake ji da ƙarfe goma sha ɗaya na dare ba.

5. Lissafa waya, ka saya da idonka

Ka auna kowane layi a kan zane yadda fayif zai bi, hawa bango, tafiya a silin, saukowa. Ka ƙara mita biyu a wajen na'urori da rabin mita a wajen soket. Misali: talabijin 6, kowacce Cat6 biyu, matsakaicin nisa mita 25, ya ba da mita 300. Na'urar Wi-Fi 3 a mita 20, mita 60. Kyamara 4 a mita 30, mita 120. Jimla 480. Ka ɗora kashi 15 cikin ɗari na kwana da asara, ya zama 552. Kwalin Cat6 mita 305 ne, kwali biyu ke nan. Haka za ka yi wa RG6 da wayar sifika. Layin Cat6 ɗaya kada ya wuce mita 90 a cikin bango.

Kaurin wayar sifika: murabba'in milimita 1.5 ya isa in nisan bai wuce mita 15 ba, in ya wuce a ɗauki 2.5. Siririyar ja-da-baƙar nan da ake sayarwa a ƙulle ba ta bango ba ce.

Fayif da akwatuna ana samu a Ƙofar Ruwa da shagunan kayan wuta na Sabon Gari, kayan intanet kuma a Beirut Road da kewaye. Duk inda ka je, ga abin da za ka kiyaye: kasuwa cike take da wayar alminiyam da aka shafa wa tagulla a sama, wadda akan rubuta wa CCA a kwali, wani lokacin ma ba a rubutawa. Tana da araha sosai, tana karyewa wajen ja, tana zafi in aka ɗora mata wutar PoE, kuma kyamara ko na'urar Wi-Fi mai nisa za ta riƙa ɗaukewa. Ka ce wa mai shago ya yanko maka ɗan guntu, ka kankare jijiyar da wuƙa. In fari ya bayyana a ciki, alminiyam ce. In ka kara mata wutar ashana ta lanƙwashe ta yi laushi nan da nan, ita ce dai. Kwalinta ma ya fi na tagulla zalla rashin nauyi a hannu. Ita kuwa RG6, ka gwada jijiyar tsakiya da maganaɗisu: in ya kama, ƙarfe ne aka lulluɓe, zai yi a gajeren layi, amma daga rufi zuwa na'urori a nemi tagulla. Kada a karɓi RG59 a madadinta, ta fi siranta.

6. Binne fayif

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma lokacinsa biyu ne: kafin a zuba dekin, da bayan an gama bulo kafin filasta.

Fayif ɗin waɗannan wayoyi daban, na wutar lantarki daban, har akwatunansu. In suna tafiya a jere a bar tazarar santimita 30 tsakaninsu, in dole su haɗu su gitta juna a miƙe. Mai wayarin zai iya ce maka, "Alhaji, ai duk waya ce, fayif ɗaya ya isa." Ka ce masa, "Malam, a raba su, zan biya kuɗin ƙarin fayif ɗin." Haɗa su yana jawo ƙugi a sifika da tsinkewar intanet, ga haɗarin wuta ta shiga layin da yara ke taɓawa.

Fayif mai milimita 20 kada a cusa masa fiye da Cat6 biyu, mai 25 huɗu. A bar sarari, domin amfanin fayif shi ne wata rana a zare tsohuwar waya a zura sabuwa. Tsakanin bayan talabijin da teburin da ke ƙasanta a binne gajeren fayif mai milimita 40 ko 50, saboda kan HDMI ba ya wucewa ta mai 20. Tsakanin ƙasa da bene a bar manya biyu masu milimita 50, ɗaya a bar shi fanko. Haka daga rufi zuwa mazaunin na'urori, da kuma daga katangar waje zuwa ciki saboda ranar da za a kawo intanet na fayiba ko a kafa Starlink. Bakin da ke rufi a lanƙwasa shi ya kalli ƙasa don ruwan sama.

Kwana kada ta wuce biyu tsakanin akwati da akwati, kuma a yi ta mai faɗi. A zura igiyar ja a kowane fayif tun yanzu.

Gargaɗi: ranar zuba dekin ka kasance a wurin, ko wanda ka yarda da shi. A ɗaure fayif a jikin rodi, a liƙe gaɓoɓinsa da gam, a toshe bakunansa da takardar siminti da salatif. Leburori na gudu da baro da kwanon kankare, fayif ɗaya da aka taka ya fashe ya cika da siminti, layin ya tafi har abada.

A cikin silin ma kada a bar waya tsirara, ɓeraye suna cin ta. Zuwa ɗakin maigadi ko ɗakunan baya a binne fayif a ƙasa da wayar da aka yi don waje. In nisan da yawa, fayiba ta fi, domin tsawa ba ta bin ta.

7. Ɗauki hoto, sannan a ja waya

Kafin birkila ya fara filasta, ka bi kowane bango ka ɗauki hotonsa da tef ɗin awo a jiki. Ranar da kafinta zai huda bango ya rataye labule za ka gode wa hoton nan.

Jan waya ya fi kyau bayan filasta ta bushe, kafin a rufe silin. Mutum biyu, ɗaya na turawa ɗaya na ja, a hankali. Ba a haɗa guntu da guntu a cikin fayif. In ta gaza, a zare a sa wata. Kowace waya a rubuta mata lamba a kai biyun nan take, a kuma rubuta lambar a kan zane. Kan Cat6 a haɗa shi da tsari ɗaya a duk gidan, wanda aka fi bi shi ne T568B, kuma kada a warware murɗin jijiyoyin fiye da milimita 13. In an sayi HDMI mai fayiba don dogon layi, a duba kan biyun kafin a ja: hanya ɗaya take bi, an rubuta wanda ke zuwa dikoda da wanda ke zuwa allo.

Gidan da ba a tare ba, wayar tagulla tana jan hankalin ɓarayi. In ba ƙofofi da tagogi da maigadi, a dakata da ja, igiyar da ke cikin fayif ta riƙe wurin.

8. Yi magana da mai POP tun da wuri

Sifikar silin mai inci 6.5 tana son rami kimanin santimita 20 da zurfin kusan 10 a samanta. Gidan dekin da za a manna POP a jikin kankare ba ta da wurin shiga, sai an sauko da silin ɗin ko a koma sifikar bango. A nuna wa mai POP wuraren kafin ya zana adonsa, don kada katako ko fitila su faɗo daidai nan. A nisanta su da bango da aƙalla santimita 60, a kauce wa fanka, a bar mita biyu zuwa uku tsakanin biyun. Ramin a yanke shi bayan an sayo sifikar, da ma'aunin kwalin da ke zuwa tare da ita. Ita kanta a ɗaura ta bayan fenti.

9. Wuta

Mazaunin na'urori ya sami layinsa da birekarsa daban daga allon rarraba wuta, kuma ya hau kan inbata tare da soket ɗin manyan talabijin, don kada komai ya mutu ya sake tashi duk lokacin da aka ɗauke wuta ko aka juya zuwa janareto. Inbatar ta zama mai tsabtatacciyar wuta irin wadda ake kira fiyo sayin. Ɗaya nau'in mai araha yana sa amfilifaya ƙugi da zafi. Unguwar da wuta ke zuwa da rauni ko ta yi sama da ƙasa, a sa sitabilaiza a gaban kayan, da na'urar kare tashin wuta a allon gida. Wajen lissafin sola a karanta wat ɗin da ke bayan kowace na'ura a tara. Amfilifaya ajin D ta fi ƙarancin ci da zafi.

Sandar ƙasa, wato ƙarfen da ke zubar da wutar da ta kauce cikin ƙasa, ta zama ta gaske, a binne ta da kyau, a haɗa akwatin na'urori da maltisuwic da ita. Duk kayan sauti da hoto su koma ƙasa ɗaya. Ƙugin da ake ji a sifika da zarar an jona wayar dish, yawanci daga nan yake. Da damina kuma, dish a rufi da doguwar waya hanya ce ta tsawa.

10. Gwaji, sannan biya

Kafin a rufe silin a gwada kowane layi. Cat6 da ƙaramar tasta mai fitilu takwas, su kama a jere daga 1 zuwa 8. Wayar sifika da batirin bolt 1.5: a jona sifika a can, a taɓa batirin a nan, za a ji ƙas, in ja na kan ja fatarta za ta turo waje. Sifika biyu da ɗaya aka juya mata waya suna cinye dukan junansu, sautin ya fito a bushe. RG6 a duba da mitar awon wuta kada jijiya ta taɓa ragar da ke kewaye da ita.

Wajen kuɗi, ka raba aikin gida uku. Fayif, akwatuna da ladan binnewa su ne mafi araha, kuma su ne ba a jinkirtawa. Waya ta biyo baya. Na'urori su ne masu cin kuɗi, farashinsu na bin dala, kuma su ne za a iya saye kaɗan-kaɗan bayan an tare: rauta da suwic da na'urar Wi-Fi tukuna, sai dish da maltisuwic, sai shiyyar sauti ɗaya ko biyu da aka fi zama, sauran bakunan a rufe su da murfi har kuɗi ya samu. Ka karɓi farashi a shago uku cikin mako ɗaya, a rubuce da sunan kamfani da samfuri. Mai aiki ya yi maka lissafin ladansa a kan kowane baki, kaya daban, aiki daban, kuma ku yi yarjejeniya tun farko cewa kason ƙarshe sai an gwada kowane layi a gabanka. Zanen da aka rubuta wa lambobi a yi masa kwafi biyu, ɗaya a liƙe a cikin ƙofar akwatin na'urori, ɗaya a ajiye tare da takardun gida.